Motar da ba ta da kujerar baya

Shekarun baya kaɗan, lokacin da korona ta kulle kowa a ɗaki, ina Doha, unguwar Gharrafa, ina tuƙa wani dattijon Balarabe. Shekara goma sha huɗu ina tuƙa shi a mota ɗaya, wata tsohuwar fara mai silinda shida. Aikin bai wuce masallaci da asibiti da majalisar abokansa ba. Yana baya yana jan carbi yana cin dabino, kullum ƙorafinsa na cika taka birki. Ni kuma ina gaba ina zaginsa da Hausa ƙasa-ƙasa, fuskata cike da murmushi. Na san shi ma yana ramawa da Larabci. Mun zauna lafiya.

Cutar ce ta ɗauke shi. Motar asibiti ta zo ta tafi da shi, ko wannan tafiyar ta ƙarshe ba ni na kai shi ba. Bayan sati biyu ɗansa, wanda ya zama kafil ɗina, wato mai riƙe da takardun zamana a ƙasar, ya kira ni tsakar gida. Ammi yake ce mini, wato baffa. Ya tsaya nesa da takunkumi a fuska, ya ce, "Ammi, yanzu wa za ka tuƙa? Da an buɗe filin jirgi za a yi maka tikiti."

Baki tara ke ci daga wannan sitiyarin a Kano. Ni ba ɗan boko ba ne, aji uku na yi na gudu, ga furfura ta cika gemu. Wa zai ɗauke ni wani aikin?

To a garejin gidan akwai wasu akwatunan katako da ya yi odarsu daga Turai tun kafin cutar. Mota ce a ciki, amma gangar jiki kawai, da ƙarfen da ake ɗora ta a kai. Ba inji, ba giya, ba birki. Kai za ka samo wata motar ka kwashe kayan cikinta ka zuba mata. Makanikan da za su haɗa masa duk an kulle su a Sana'iyya, unguwar garejojin Doha. Ban san lokacin da bakina ya ce ai ni bakanike ne tun a Kano ba. Gaskiyar ita ce na taɓa zama a gareji, amma gwanintata miƙa sifana ce da surutu. Ya dube ni ya ce yalla, wato maza, a ciro injin motar Baba, tunda ba mai hawanta.

Na koma ɗaki ina ta yabon kaina da wayo, na kira abokina. Mutumin Zangon Kumasi ne, bakanike na gaske, yana cikin waɗanda aka kulle a Sana'iyya, ba aiki sai kallon silin. Na ce zai koya mini haɗa mota ta bidiyo. Ya yi dariya har da tari, sannan ya tambayi wace mota za a farke. Da na faɗa masa sai ya daina dariyar ya ce:

"Kai Bakano, motan da kana tuƙa? In ka yanka shi, gobe me za ka tuƙa?"

Na ce a bar ni in tsallake yau tukuna, gobe tana hannun Allah. Ya ce to Injiniya, ɗauko sifana. Sunan da ya bi ni da shi ke nan har yau.

Da asuba nake farawa kafin rana ta yi zafi, in jingina waya a jikin taya yana kallona yana zagina. Mun zubar da baƙin mai da ruwan lagireto, mun kwance salansa da furofela, mun ɗaga injin da kaca. Ya ce kowace waya na cire in manna mata takarda in rubuta sunanta, kada in yi irin ta 'yan garinmu masu cewa komai yana ka. Kunya ta hana ni ce masa bokona ba zai kai ba, sai na rubuta da ajami. Ɗan maigida ya leƙo ya ga wayoyi ɗari kowace da rubutun Larabci a jiki, ya ɗauka addu'a ce nake wa motar Baba. Ya dafa kafaɗata ya ce Allah ya saka. Ban gyara masa ba.

Ranar da na ciro kujerar baya ce abin ya fara damuna. A ƙarƙashinta na tarar da ƙwallayen dabino sun fi tafin hannu biyu, da carbin da ya ɓata masa shekarun baya, wanda ya yi sati yana zargina da shi. Ƙamshin turarensa bai bar kujerar ba. Na ja ta zuwa ɗakina na mai da ita wurin zama. Bayan kwana kaɗan masu gwangwan suka zo suka ja ƙwarangwal ɗin motar. Na tsaya a ƙofa har suka sha kwana.

Aikin wata shida ne, in ji abokina. Ni na mai da shi shekara biyu da rabi. Wasu dalilan gaskiya ne: furofelar ta yi tsawo sai da aka kai aka yanke, ƙafafun injin ba su hau inda aka tanada ba, lagireton da Turawa suka aiko ba zai iya da zafin Doha ba. Sauran kuwa ƙirƙira ce. Na taɓa yawo da wani ɗan ƙarfen birki a aljihu sati uku ina cewa sai an aiko daga Turai. Da aka buɗe gari abokina yana zuwa ranar Juma'a, ya gyara ɓarnar da na yi a sati, mu ci shinkafa a kan kujerar maigida. Duk zuwa sai ya ce, Injiniya, ja dai, amma ka san motan nan kujera biyu ne. In ce ya ci abinci.

Da gasar ƙwallon duniya da za a yi a Doha ta matso, kamfanin su abokina ya sallame su da sunan hutu. Bai dawo ba. Na rage ni kaɗai da takardun ajamina da saƙonnin muryarsa. Lokacin ne ɗan maigida ya ce abokansa za su zo kallon ƙwallo, ko in gama kafin nan ko ya kai ta gareji. Ka ga da ina da hankali da na sake ɓoye wani ƙarfen. Amma kalmar garejin nan ta sosa ni. Ni da na shekara biyu a ƙarƙashin motar nan, wani ya zo ya tayar da ita? Na zage na gama. Wannan ne karo na farko da na yi aikin da zuciya ɗaya, kuma shi ne ya kore ni.

Da na murɗa makulli sai injin ya yi ɗan tarin nan da yake yi kowace safiya kafin ya kama. Ɗan maigida ya juya baya yana goge ido, ya ce muryar motar Baba ce.

Da ya samo mata lamba ya ce mu je Lusail, sabon birnin da ke gefen Doha. Na miƙa hannu zan karɓi makulli yadda na saba, sai na ga ya zagaya ya shige gaban sitiyari, ya nuna mini kujerar gefe. Na zauna. Na waiga baya, ba komai sai ƙarfe da tankin mai. Gari ya cika da tutoci da baƙi, mutane na ta ɗaukar motar hoto, shi kuma yana ce wa kowa ammi ne ya haɗa ta da hannunsa. Na gyara hula ina washe baki, amma tun a hanya na gane abin da abokina ya daɗe yana faɗa.

Bayan an gama gasar ya sake kirana tsakar gida. Wannan karon ba takunkumi, har ya rungume ni. Ya ba ni agogon Baba da turare, ya yi godiya sosai, sannan ya ce, "Ammi, khalas, shi ke nan, ka huta. Ka ga wannan ni zan tuƙa ta." Ba cuta ya yi mini ba. Na duba ko'ina ban sami ƙaryar da ta rage ba.

Kujerar ta fi ƙarfin kayan jirgi, a ɗakin na bar ta. Carbin na ɗauko.

Ba na nadamar ƙaryar, ta ciyar da gidana shekara biyu da rabi. Abin da yake damuna har yau shi ne da hannuna na farke motar nan noti bayan noti, kuma na ji daɗin aikin. Abokina yana Kumasi, in ya kira bai taɓa ce mini ai na faɗa maka ba, Injiniya kawai yake cewa, kuma ya isa.

Yanzu ina Kano ba na tuƙa kowa. In zan je asibiti adaidaita nake hawa, in zauna a baya ina jan carbin. Kwanaki na ji bakina yana ce wa direban ya cika taka birki. Ya yi murmushi ta madubi, leɓensa na motsi ƙasa-ƙasa. Ban ji abin da ya ce ba, amma na sani.