Wayoyi Biyun da Lopeti Ya Mayar

A shekarar 1974 na fara sanin Lopeti, watan da ya sauka daga jirgin dakon kaya ya buɗe gareji a ƙarƙashin mangwaro, can bayan kasuwar Neiafu, babban garin tsibirinmu. Shekara tara ya yi a ɗakin injin jirgi, har kunnensa na hagu ya daina ji. Ni kuwa ina koyar da lissafi a makarantar mishan, ina ji da kaina. Abin da ya kai ni wurinsa ran farko shi ne na gaya masa allon da ya kafa a karkace yake. Ya dubi allon, ya dube ni, ya ce, "Malam, ai motocin ma a karkace suke zuwa."

Ba mutum ne mai yawan kayan aiki ba. Sifanonin kwance noti ɗai-ɗai ne a tsohon buhun shinkafa, sai wata doguwar sukundireba da yake ɗora bakinta a kan inji, ya manna ƙotar a kunnensa mai lafiya, ya rufe ido. Rabin motocin tsibirin nan ta wannan kunne ɗaya suka rayu. Asabar da la'asar yakan wanke hannu da toka, ya kulle buhun, kome zai faru sai Litinin, don a tsibirin nan an hana aiki ranar Lahadi.

Motata ta girmi ɗan autana. Bara 'ya'yana da ke Auckland suka haɗa baki da yayata Lesieli, suka ce na tsufa, in daina taɓa inji. A wurinmu kuwa idan 'yar'uwa mace ta yi magana, namiji ba ya ɗaga kai, ko da ya yi furfura. Ta yanke hukunci a gaban kowa: ranar da aka ji na sake sa hannu na ɓata wani abu, za ta karɓi makullin ta ba jikanta.

Ranar wata Asabar, ana gobe zan kai Yaya Lesieli coci, gari duk ya kama shara da wanki kamar kullum. Na wanke motar, na ce bari in leƙa inji in goge gishirin iskar teku kawai. Sai na ga wayoyin fulogi biyu sun hau kan juna. Shekara talatin da ɗaya ina dukan hannun ɗalibai a kan layin da bai miƙe ba. Na zare su, na jera kowace a gefenta, na ja baya ina yaba aikina.

Da na tayar, motar ta kama rawa kamar mai zazzaɓi, salansa ta buga wata ƙara da ta kori kajin maƙwabta. Haka na lallaɓa ta zuwa gareji, tana tari tana tsinke wuta.

Na tarar da dattawa sun kewaye akushin kava, abin shanmu na gargajiya, a inuwa, cikinsu har da Sifa, mijin 'yar Yaya Lesieli, wanda maganar da ta shiga kunnensa ba ta kwana.

"Kai, Malam!" in ji Sifa. "Tun daga tudu muke jin ka. Mun ɗauka jirgin yaƙi ne ya shigo."

"Ku ƙyale shi," in ji wani, "koya mata waƙar coci yake yi."

Lopeti ya riga ya wanke hannu ɗaya. Ya goge shi a wando, ya ɗaga bonet, ya ce in bar ta a kunne. Ya naɗe tsumma a hannu ya zare wayar farko, inji ya kusa mutuwa, ya mayar. Ya zare ta biyu, babu abin da ya canza. Ta uku ma haka. Ya bi wayoyin nan da yatsa tun daga tushensu, sai yatsan ya tsaya. Ya ga sun yi fes, sun jeru kamar ɗalibai a layin safe. Ya ɗago ya dube ni. Na kama kallon mangwaro.

Sifa ya taso da ƙoƙon kwakwa a hannu. "Me ya same ta? Ko an taɓa ta ne?"

"Sifa, kawo mini ruwa a bokitin can."

Kafin ya dawo, Lopeti ya kashe injin, ya sake giciya wayoyin yadda suke da can. Ya ɗauko wata tsohuwar waya mai tsagewa daga buhunsa ya riƙe.

"Ga ɓarauniyar nan," ya ce, ya miƙa wa Sifa. "Gishiri ya cinye ta, wuta tana zuba a hanya. Ka gaya wa surukarka teku ce."

Na tayar, inji ya kwanta lumui. Dattawa suka tafa hannu suka koma kan kavarsu.

Da zan tafi na jawo shi gefe, ta wajen kunnen da yake ji. Na ce, "Lopeti, ka yi ƙarya a jajibirin Lahadi saboda ni."

"Kai fa? Shekarar da matar maƙwabcinmu Taniela ta fara naƙuda mota ta ƙi tashi, na kwance kafireta ranar Lahadi tsaka, wa yake riƙe da alƙalamin dattawan coci? Sun ce a rubuta sunana a karanta a gaban jama'a. Har yau ba a karanta ba."

Na ce tawada ce ta ƙare mini a ranar.

"To, ni ma gishiri ne," in ji shi. Ya durƙusa ya ci gaba da wanke ɗaya hannun.

Washegari Yaya Lesieli ta zauna a baya sanye da tabarmar ado da muke ɗaurawa a ƙugu, har muka isa coci tana yi wa teku faɗa. Makullin yana aljihuna, kuma tun daga ranar, idan na buɗe bonet, hannuwana a baya suke.