Haɓon Adda Hajo

Shekara tara ke nan da rasuwar yayata, Adda Hajo, kuma har yau in na ga shinkafa shanye a tabarma sai na kau da kai.

Turara shinkafa take yi a gidanmu da ke Gummi. Wata rana da hantsi tana durƙushe tana baza ta da hannu, sai na ga jan ɗigo yana sauka kan ƙwayar, ɗaya bayan ɗaya. Ita ba ta ma ji ba. Kaji ne suka fara lura, suka taso suna tsattsage jajayen ƙwayoyin. Da na yi magana ta shafa hanci, ta dubi yatsunta, ta yi dariya ta ce zafin tukunya ne.

Mun yi abin da kowa ke yi a lokacin. Muka sa ta ɗaga kai sama, aka cusa tsumma, aka zuba mata ruwa a ka. Ashe jinin ta maƙogwaro yake bi. Can an jima ta amayar da shi baƙi ƙirin.

Haɓon ya riƙa dawowa. Dasashinta ya soma jini in ta yi asuwaki. Sai kuma wata safiya Inna ta kama dantsenta ta tsaya cak. Baƙaƙen tabo ne a jere, kamar shatin yatsun wanda ya damƙe ta da ƙarfi.

"Wa yat taɓa ki, Hajo?"

"Ba kowa, Inna. Ko ciwo ba shi yi."

"To wanga ba haɓo ba na. Kin bi ta bakin gulbi da rana tsaka?"

Aka yi hayaƙi, aka yi rubutu. Tabon ya ɓace a dantse ya fito a cinya, ya fito a wuya. Maƙwabta suka rage shigowa. Sai da tafin hannunta ya yi fari fat muka kai ta asibiti a Sakkwato. Likitan ya ce haɓo shi kaɗai sau da yawa ba komai ba ne, zafi ko bushewar hanci ke kawo shi. Amma in ya ƙi tsayawa, ko ya haɗu da tabo da jinin dasashi da kasala, jinin ne kansa ba lafiya. Nata ya riga ya yi nisa. Can ta cika.

Ina tambayar kaina me za ta ce da ta ga yau. Da ta ga 'yarta Nana, wadda ta bari 'yar budurwa, tana zaunar da ɗanta mai haɓo, ta sunkuyar masa da kai gaba, ta matse masa hanci har ya tsaya, sannan ta tuɓe masa riga ta duba jikinsa kaf. Da kuma ta ji cewa mutumin Zugu ko na ƙauyukan Anka yanzu ya san inda ya kamata ya kai marar lafiya, sai dai hanyar ce ke ba shi tsoro saboda 'yan bindiga.

Ba ta bar gida ko gona ba. Muryarta ta bari. Makon jiya Nana ta yi sallama daga zaure, Inna tana zaune a tsakar gida da carbinta. Ba ta ɗago ba ta ce, "Shigo, Hajo, kin daɗe."

Ba wanda ya gyara mata. Allah Ya jiƙan Adda.