Matar da Tokuji Yake Jira a Bakin Tafki

Masae ta tsufa ne a ƙofar tsohon lambun garinsu, tana dafa wa masu ziyara shayi a ɗan shagonta. Mijinta Tokuji kuwa a ciki ya ƙare ƙuruciyarsa, kullum yana bisa tsani yana yi wa itatuwa aski, reshe bayan reshe. Mutum ne mai faɗa da ƙarancin magana. Ita takan ce da itace aka ɗaura masa aure, ita 'yar rakiya ce.

Da girma ya kama shi sai mantuwa ta shigo. Da fari almakashi yake nema alhali yana hannunsa, daga baya har hanyar gida ta ɓace masa. 'Yarsu ta zo daga birni ta ce gidan kula da tsofaffi ya fi, tunda ita ma uwar ciwon baya ya dame ta. Masae ta yi musu har ta gaji, sannan ta yarda.

Ana gobe za a tafi da shi, ta tura shi a keken guragu zuwa lambun. Sanyi ya janye, furen itatuwan sakura na zuba a kan gansakuka da duwatsu, mutane sai ɗaukar hoto suke yi. Ta tsaya da shi gaban itacen da ya fi shan wahala a kansa, ko kallo bai yi masa ba. Sai ya waiwayo ya roƙe ta cikin ladabin da bai taɓa yi mata ba, wai ta taimaka ta kai shi bakin tafki, matarsa na can da abincin rana.

Ta kai shi. Iska na kaɗa ruwan, jiragen ruwa na haya na ɗaure a gefe. Ta kwance ƙunshin dunƙulen shinkafa ta miƙa masa, ya ce a'a, sai matarsa ta zo.

"Wataƙila ta gaji da faɗanka ne, tsoho," in ji Masae.

"Ita? Ai ta fi ni baki. Amma ba ta saɓa alkawari."

Suka zauna suna jira har rana ta yi sanyi, shinkafar ta sandare a cinyarta. Sau da yawa ta buɗe baki za ta ce ga ta, sai ta ga yadda yake leƙen hanya, ta fasa.

Washegari mota ta zo. Ya shiga ba gardama, har ya yi wa Masae godiyar ɗawainiya. Bai kai ƙarshen damina ba ya rasu. Ita kuma ta rufe shagon shayin, ta koma wurin 'yarta, a bene mai kallon titin jirgin ƙasa.