Ranar da Teku Ya Taso Ba Hadari

Ku matso, 'ya'ya da jikoki, ku ara mini kunnuwanku.

Shekarun baya, sa'ad da jirgin ƙasa ke kuka a tashar Ƙaura, maigidana ɗan dako ne. Ƙarfinsa duk a loda buhunan gyaɗa cikin taragu ya ƙare. Da idanunsa sunka fara dushewa, sai ya ce mini, "Kafin duhun nan ya gama rufe ni, ina son in ga inda buhunana ke zuwa."

Bayan girbin dawa munka shiga jirgi. Gusau, Funtuwa, munka sake wani a Zariya, har Ikko. Kwana uku kacal za mu yi wajen ƙanena mai fataucin goro.

Ƙanena ya zaga da mu tsofaffin benaye, ya kai mu inda jiragen ruwa ke tsayawa. Maigida ya ƙura ido ya ce, "Wancan dutse ne?"

"Jirgi ne, Malam."



Daga nan sai bakin teku. Ƙanena ya tafi nemo mana abinci, la'asar ta yi. Na ɗanɗana ruwan, gishiri zalla, na ce ni kam ba da wannan zan kuskure baki ba. Na zaunar da maigida kan busasshen rairayi, ya jingina da wani dutse, nesa da ruwa.

Sai ga wata Bayarabiya da kwandon kifi a ka, tana nuna teku, tana nuna maigida, tana ta magana da ƙarfi.

Na ce, "Ba mu sayen kifi, baiwar Allah."

Ta ja hannuna. Na fizge.

Ni a bakin gulbin Gagare anka haife ni. Gulbi ba ya tasowa sai an yi ruwa, ko ba a garinku ba, za ka hango hadari. Na ɗaga kai, sama fes. Na ce wa maigida, "Kada ka motsa daga nan har in dawo."

Na yi nisa kafin in sami famfo. Na yi salla, har da tsayawa kallon masu saƙa taru, ni gwanar sanin ruwa.

Da na dawo, babu rairayin. Innalillahi! Hularsa na fara gani tana yawo bisa ruwa. Shi kuma yana nan zaune inda na aje shi, ya rungume dutsen, ruwa ya kai masa ƙirji, in ya ja baya ya dawo sai ya rufe kansa.

Matar nan ce ta jefar da kwandonta, ta shiga da wasu masunta biyu, sunka jawo shi tudu. Ya yi ta aman ruwan gishiri. Da numfashi ya dawo, na ce, "Malam, don me ba ka tashi ba?"

"Ban san ina ne tudu ba. Kuma kin ce kada in motsa."

Ƙanena ya iso da gudu. Shi ya gaya mini teku kullum sau biyu yake tasowa ya koma.

"Ba ruwan sama?"

"Ko ɗigo, Yaya."

Sanin da nake taƙama da shi iyakarsa gulbin garinmu. Tun daga ranar, in baƙo ya ɗaga mini murya da harshen da ba na ji, tsayawa nake.

Ƙanena ya tsufa, ya dawo gida Kasuwar Daji, can anka binne shi. Maigida ya ƙara shekaru masu yawa, ido ya rufe sarai, yana zama bakin tasha yana ba 'yan dako labarin jirgin da ya fi dutse. Bai taɓa faɗa wa kowa ni na zaunar da shi ba. Matar nan kuwa ko sunanta ban sani ba, kifinta duk ruwa ya kwashe. Ba na sallame salla ban sa ta cikin addu'a ba.