Bokitin Baban Biyu

Da asuba, kafin a buɗe sito, Baban Biyu yana zaune a bakin famfo, ƙafafunsa cikin bokitin ruwan sanyi, ido a rufe. Ya ja numfashi ta hanci, ya riƙe, ya sake shi a hankali kamar mai hura shayi. Haka nake tarar da shi kullum.

Dako muke yi a siton shinkafa. Duk mai wannan aiki ya san ƙwayar da ake haɗiya da safe don buhu ya koma kamar matashin kai. Shi ma ya sha ta shekara da shekaru, har ranar da ya yanke jiki ya faɗi a gaban tagwayensa, bakinsa na kumfa. Daga nan ya daina. Bai yi wa kowa wa'azi ba, dainawa kawai ya yi.

Sai dai ƙwaya ba ta sakin mutum da arziki. Yana tsakiyar aiki gabansa zai hau faɗuwa, gumi ya keto masa, hannu ya kama rawa. Sai ya sauke buhu ya nufi famfo.

"Kawu, kifi kake kiwo a bokitin nan ne?" in ji Gajere, abokin lodinmu.

"Zuciyata nake lallashi. Ta fi ka kunnen ƙashi."

Na taɓa tambayarsa ko abin yana magani. Ya ce, "Ba ya warkarwa. In na ji sanyin a tafin ƙafa, na bi numfashina, tunanin yana rage gudu. Iyakarsa ke nan." Ni ba na auna mutum da bakinsa, amma na sha ganin hannun nan yana lafawa.

Wata rana manyan motoci suka yi layi har titi. Manaja ya fito ya ce duk wanda ya zauna yau, gobe ya yi zamansa a gida. Gajere ya matso ya danƙa wa Baban Biyu wani abu a tafin hannu.

"Rabi kawai, Kawu. Ko don yaran nan."

Baban Biyu ya daɗe yana kallon ƙwayar. Sannan ya mayar masa da ita cikin aljihun riga.

"Ai su ne suka ga faɗuwar."

Ya yi ta jida har rana ta take. Nan abin ya taso masa. Ya jingine buhu ya tafi famfo, manaja na kallo ta taga.

Da yamma aka ce kada ya dawo. Bai roƙi kowa ba. Ya kakkaɓe gammonsa, ya saƙale a hammata, ya jira motoci suka wuce, ya tsallaka titi ya shiga siton siminti yana tambayar ko suna neman hannu.