Ciniki a Ƙarƙashin Mayani

Assankutti dillalin masoro ne a Kannur, kuma tun da ya gaji sana'ar daga kawunsa bai taɓa faɗin farashi da baki ba. Haka ake yi a kasuwar bakin teku: mai saye da dillali su haɗa hannun dama, a rufa mayani, yatsu su yi ta magana har a daidaita. Ɗan kallo sai dai ya gaji ya tafi.

Babban abokin cinikinsa Mubarak ne, Balaraben Adan mai son tsiya, wanda iska ke kawo jirginsa duk shekara.

"Kai dai ɓarawo ne, Assan," in ji shi, yana murɗe masa yatsa.

"Ɓarawon da kake cinye kifin gidansa? Saki, tsohon banza, za ka karya ni!"

Sai Turawan Fotugal suka gina ganuwa a bakin gaɓa, suka ce masoro nasu ne su kaɗai, sai ka ce su suka shuka. Duk wanda aka ji yana sayar wa Balarabe, a ƙone masa rumbu. Mubarak ya ɗauke ƙafa shekara da shekaru. Assankutti ya koma auna wa mutanen da ke ciniki da ihu da tafinta, abin yana ci masa rai.

Wata safiya sai ga Mubarak a kwalekwalen masunta, ya rame, hannunsa cikin riga. Ɗan rahoton Turawa na gindin kwakwa ya kasa kunne, amma abin da aka yi ƙarƙashin mayani ba mai iya rantsuwa a kansa. Assankutti ya rufa mayani, ya laluba. Dungu ya taɓa, ba yatsa ko ɗaya.

"A teku Turawan suka tare ni, suka sare hannun," in ji Mubarak a hankali. "Wai da shi nake sace musu masoro. In muka yi ciniki da baki, sai an ƙone maka rumbu. Sallame ni kawai, ba zan ga laifinka ba."

Tausayi ya kama Assankutti. A Kannur ko gishiri ba a miƙa wa mutum da hagu, balle a ƙulla ciniki. Ya janye damansa, ya goge ido, ya tura hagunsa ƙarƙashin mayanin.

"Kawo ɗayan, tsohon banza," ya ce. "Murɗe yadda ka saba."