Bakin Ramin Da Na Sare

Edita, bayan gaisuwa da fatan alheri, ina roƙon ka sakaya sunana, domin 'ya'yan waɗanda abin ya shafa suna nan da ransu.

A shekarun da aka fara zuba wa hanyar Karaye zuwa Rogo burji, ni matashi ne mai sabon aure da ji da kai. Na gaji gonar mahaifina a kan wani tudu wajen Zoza, a gangaren tudun kuma gidan Baffa yake, wan mahaifina, dattijon da ko akuya ba ya ɗaga wa murya. Da ma'aikatan hanya suka ga ƙasata jar tsakuwa ce, suka nemi in bar su su haƙa gefe guda, na amince tun ba su rufe baki ba. Baffa ya hawo yana dogara sanda, ya ce in roƙe su su bar tsohuwar hanyar ruwa wadda kakanmu ya dasa wa gamba, don ita ke kai ruwan tudun rafi ba tare da ya bi ta gida ba. Na ce masa to. A raina kuwa na ce waɗanda suka zo da katafila me za su yi da shawarar mai fartanya? Ban faɗa musu ba. Suka share gambar, suka kwashe burjinsu, suka bar mini ramin da zai haɗiye masallacin unguwarmu.

Da marka ta kankama aka kwana uku ana ruwa. Rana ta uku da hantsi na tarar ramin ya cika, ya fara tsiyaya cikin gyaɗata, wadda ban taɓa samun irinta ba. Hanya biyu ce kawai gaban ruwan nan, ko gyaɗar ko gangare. Ba zan ce ban san abin da ke gangaren ba, a gidan Baffa aka yaye ni. Na ɗaga galma na sare bakin ramin ta can. Ban yi sara goma ba, ruwan ya ƙarasa aikin da kansa, ni kuma na koma gida na sha fura.

Kafin azahar katangar Baffa ta zube, rumbunansa biyu sun kwanta, dawar da zai ci har kaka ta bi laka. Allah ya kiyaye ba a rasa rai ba. Na bi jama'a na je jaje ina cewa Allah ya mayar da alheri, ban ji komai a ƙirjina ba, kamar bakin wani na ara.

Babban ɗan Baffa ya hau tudun ya ga sawun galma, ya kai ni ƙara wajen alƙali a Karaye. Na musa, na ce masu katafila ne suka bar wurin da rauni. Ba shi da shaida, sai alƙali ya ce rantsuwa ta hau kaina. Aka ba ni buta na yi alwala, aka ɗauko Alƙur'ani. Da an bar ni da na rantse, wannan ba na ko shakka. Sai Baffa ya gyara zama.

"Allah ya gafarta Malam, a mayar da Littafin," in ji shi. "Hatsin nawa ne, na bar shi. Ba zan zauna ina kallo ɗan ƙanena ya dafa Alƙur'ani a kan wannan ba."

Ɗansa ya buɗe baki zai yi magana, Baffa ya ɗaga masa hannu. A bayan mota ɗaya muka dawo, har ya ɓare goro ya miƙo mini, na karɓa na ci.

Gidan bai sake zaunuwa ba, tunda ruwa ya ga hanya. Baffa ya kwashe iyalinsa ya koma Rogo wajen 'yarsa. Ni kuwa na cire gyaɗata na sayar. Shekara huɗu ina ganinsa ranar kasuwa, in durƙusa in gaishe shi, ya tambayi iyali da damina, in amsa in tashi. Kullum da maganar nake zuwa, kullum da ita nake komawa. Da ya rasu a sahun gaba na tsaya aka sallace shi, ko ɗigon hawaye bai zo mini ba, har yau kuma bai zo ba.

Yanzu na haura shekarun da Baffa ya yi a duniya, na kuma gane da-na-sani ƙeya ce. Duk wanda masu haƙar tsakuwa suka zo gonarsa, ya fara zama da na gangare su daidaita inda ruwa zai bi kafin a sa ƙarfe a ƙasa. Wanda kuma ya cuci wani aka rufa masa asiri, ya je ya faɗa da bakinsa tun mai haƙƙin yana ji. Baffa shari'a ya bari a gaban alƙali. Ko ni ya yafe mini ban sani ba, domin ban taɓa tambayarsa ba.